Sunan Nomau a Cikin Gaisuwa

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta biyo baya ta lashe ɗan abin da ya rage, maza suka watse cin rani aka bar mata da yara. A lokacin Zuliha, 'yar maƙwabciyata, tana da ɗan shago kusa da tasha a nan Damagaram, da tsohuwar odinatar guda, wato kwamfuta. Tana buga wa mutane wasiƙa, direbobi su tafi da ita.

To, kun san wasiƙarmu, rabinta gaisuwa ce. Sai wanta Mutari, wanda ya yi lakwal, wato boko, mai zurfi, ya haɗa mata wata dabara: ta buga harufa uku na sunan mai wasiƙa, gaisuwar duka ta zubo da kanta. Ranar da yake saita abin ya tambaye ta:

"Gurbin sunayen yara fa? In bar shi fili ki riƙa cikawa, ko ta riƙe na wancan karon ta sa da kanta?"

"Haba Yaya, yatsuna goma ne kacal, layi kuwa har bakin titi. Ta riƙe mana. Yara riga ce da za a canza kowane wata?"

Ya yi dariya, ya bar shi yadda ta ce.

Akwai Delu, mutuniyar ƙauyen Gaffati, mijinta Illa yana dako a Ikko. Duk wata takan zo da autanta Nomau a goye, yaro mai son miƙa hannu ya taɓa maɓallai. Wata Alhamis ta zo, shagon ya cika maƙil, Zuliha ko kai ba ta ɗaga ba. Ta buga harufan, ta hau karantawa da ƙarfi yadda ta saba: "Bayan gaisuwa mai yawa, Sani da Hajara da Nomau suna lafiya, suna gaishe ka."

Da ta ɗago sai ta ga zanen goyon a ninke bisa kafaɗar Delu.

"Yau kwana tara," in ji Delu.

"Innalillahi! Allah ya sa mai ceto ne. Yi haƙuri Yaya Delu, bari in goge."

Delu ta kama mata hannu. "Sake karanta mini wurin."

Ta sake.

"Bar shi, ƙanwata. Tun da aka kai shi ba wanda ya ƙara kiran sunan a gidanmu, wai kar in yi kuka. Maigida kuma in ya ji, aikin zai baro ya taho, sauran biyun su ci me? Wannan watan kawai."

Wata ɗaya ya zama huɗu. Delu ba ta ƙara roƙo ba, Zuliha ba ta ƙara tambaya ba. Na'ura ce ke sa sunan, ba bakin kowa ba. Sai dai duk sanda aka zo wurin, Delu takan rufe ido, Zuliha ta ja karatun a hankali.

Da hadari ya fara haɗuwa Illa ya dawo don shuka. Yana sauka daga mota bai wuce gida ba, sai da ya leƙo shagon ya yi godiya. Ya kwance bakin jaka ya fito da ɗan takalmin roba shuɗi, ya ɗora a tafin hannu.

"Malama Zuliha, ke kin fi ni ganin Nomau. Zai shige shi, ko ƙafar ta wuce nan?"

Da ƙyar Zuliha ta ce, "Baban Sani, isa gida tukuna."

Ya dube ta. Sannan ya mai da takalmin cikin jaka a hankali, ya fita ba sallama.

Da la'asar Zuliha ta je ta sami Mutari. "Yaya, gurbin nan. Bar shi fili."

"Layin fa?"

"Su jira."

Tun daga ranar, kowace mace ta zauna gabanta, Zuliha takan fara duban bayanta, sannan ta sassauta murya ta ce, "Su wa zan ambata?"