Gazali da Zanen Tsakar Gida

Shekarar da aka yanke kuran, wato wutar lantarki, bayan sojoji sun karɓi mulki, ruwan sama ma yaji ya yi a Tasawa. Gazali kuwa saura kwana huɗu ya zauna jarabawar tsara manhajar ordinata, wato kwamfuta, a Maraɗi. In ya ci, aikin ofis na jiransa a wani buro. In ya faɗi, ya riga ya yi wa wani abokinsa alkawarin bin sa haƙar zinariya a Jado.

Ordinatarsa ta mutu murus, babu inda zai yi caji. Sai ya share rairayin tsakar gida, ya samo tsinke, ya duƙufa zana abin da za a tambaye shi: akwatuna, kibiyoyi, da ɗan mutum mai kai kamar goruba.

Manzo maƙwabci ya leƙo ta darni. "Subhanallahi! Ɗan lakwal da bokonsa ya koma bugun ƙasa?"

Kafin la'asar gida ya cika maƙil. Wannan akuyarta ta ɓata, wancan so yake ya ji ranar da hadari zai haɗo.

"Wallahi karatu nike!" in ji Gazali, kamar ya yi kuka. "Wanga akwati mai saye ne, wagga kibiya kuma..."

"Kibiyar gabas ta nuna," Manzo ya katse shi. "Jama'a, ruwa na tahe daga gabas!"

Jama'a suka ɗauki kabbara. Yo ina ruwa ya taɓa fitowa in ba gabas ba?

Nan kakarsa Biba ta jawo tabarma ta tare bakin zaure, sanda a cinya. "Malam ya shiga halwa, kwana ukku. Wanda ya taka zanen nan, shi da gonarsa." Gida ya yi tsit, ko mai neman aron turmi bai sake leƙowa ba. Ƙaryar ta dami Gazali ƙwarai, amma rabonsa da karatu mai daɗi haka tun yana makaranta a Yamai.

Ranar tafiya da safe ya durƙusa gabanta. "Kaka, kin dai san ba duba nike ba ko?"

"Tahi can, mijin banza. Sau nawa na ga ka share ka sake? Ka taɓa jin mai duba ya ce ya yi kure?"

"To mutanen da ke jiran ruwa hwa?"

"Bar ni da su. Tsohuwa ce ni, su zage ni su gaji."

Ya yi dariya ya saɓa jaka, sai ta cafke masa hannu. Bai san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Ka ci abin nan, Gazali. Ni na raka ubanka tashar motar Jado, shekara tara ke nan ina sauraren sallamarsa. Ba ni raka na biyu."