Faɗuwar Manzo a Madawa

Manzo yana dama tuwo cikin miya da yatsa biyu, don muƙamuƙinsa ya ƙi tauna tun jiya, sai Baba Halidu ya tsaya a kansa ya miƙo hannu.

"Ba ni zaren."

Baba Halidu ƙanin ubansa ne, shi ne kuma Sarkin Fawan Deule. Zaren da yake nufi na dambe ne, wanda ake naɗe hannun dama da shi har ya koma kamar kan taɓarya. Na kakansu ne. Ya yi baƙi, yana wari irin nasa, kuma a gidan an fi girmama shi da wasu surukai.

Manzo ya ciro shi daga burgami ya ba da.

"To," in ji Baba Halidu. "Mi ya kashe ka?"

A bakin 'yan dambe, wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da ya tashi ya ci tuwo. Manzo ya taɓa ƙasa jiya da yamma a gaban duk Madawa, har da Bature kumandan gari da matarsa a kan kujerun zane. Shekararsa ashirin da ɗaya, ƙato ne da in ya hau jaki ƙafafunsa ke jan ƙasa, kuma kaka uku ba wanda ya kayar da shi daga Buza har Keita. Shi ya sa aka haɗa shi da Takawa na Galma, wanda makaɗa ke kira Sarkin Damben Duniya. Duniya a wancan lokaci tana farawa ne daga Keita ta ƙare a Ƙwanni, amma dai sarautarta ba wasa ba ce.

"Takawa ya kashe ni, Baba."

"Wanga ko awaki sun sani. Ban ce wa ba. Na ce mi."

Manzo ya shafa muƙamuƙi. Yana tuna turmin farko na damben sarai. Yana tuna shigarsa turmi na biyu, ya ga haƙarƙarin Takawa a buɗe, ya ɗaga hannu. Daga nan sai ya ga sama, da ƙafafun mutane, da wata tsohuwa tana tofa masa addu'a a kunne. Tsakanin ɗaga hannu da ganin sama ba komai, kamar ɓera ya ci tsakiyar tabarma.

"A gidanga," Baba Halidu ya ce, "wanda bai san abin da ya kashe shi ba, ba shi sake ɗaura zare. Abin zai sake kashe shi, mu kuma mu sake ɗauko kunya bisa jaki kwana biyu. Da la'asar muke ɗaure kaya. In ka zo mani da amsa, ga zare. In ba ka zo ba, na Surajo ne, kai kuma kututture da gatari har ka tsufa."

Surajo, ɗan Baba Halidu na cikinsa, yana gefe yana wasa wuƙa. Bai ɗaga kai ba, sai dai wuƙar ta ƙara sauri.

Manzo ya wanke hannu ya shiga kasuwa. Abin mamaki, ba baƙin ciki ya fi damunsa ba. So yake ya sani. Mutum dubu sun ga abin da ya same shi, shi kaɗai aka bari a baya.

Ya fara da Bala, makaɗinsa, wanda kaka uku yake bin sa da kalangu yana ce masa giwa, yana ce masa dutsen Adar. Ya same shi ƙarƙashin bagaruwa yana gwada wani sabon take a hankali. Da ya ga Manzo sai ya sa tafin hannu ya danne fatar kalangun.

"Giwa! Ya jiki?"

"Da sauƙi. Bala, kana kusa. Mi ya faru?"

Bala ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya. "Ba hannu ba ne. Ni na gani da idona. Yana da laya ta fatar damo a ƙugu, wani Buzu ya ɗinka mashi a Abalak. Da ka matso sai ya zama mutum biyu. Ka kai wa na ƙarya, na gaskiya ya same ka."

"Wane hannu na gaskiyar ya sa?"

"Ka ji ka! Ana zancen gaibu kana zancen hannu." Bala ya gyara zama. "Amma gabanka a buɗe yake. Ka huta kaka biyu, a yi maka wanka bakwai. Ni dai ina nan."

"Taken da kake gwadawa fa, na wa ne?"

"Wanga? Na haka nan ne. Hannu ke motsi."

Manzo ya ji sunan Galma a cikin kiɗan tun daga nesa. Kalangu bai taɓa rantsuwa da kowa ba.

A bakin bariki ya gamu da Muse Alhassan, tafintan kumandan. Muse Alhassan ya yi lakwal, makarantar Faransawa, shekara huɗu a Tawa, kuma tun daga nan rana ta fara cutar da shi, sai da malafar Turawa yake fita. Yana riƙe da wata jarida da ta zo daga Dakar a naɗe da kwalaben kumandan. Shi ya kira Manzo.

"Zo nan, abokina. Na yi nazarin faɗuwarka."

"Alhamdu lillahi. Mi ya kashe ni, Muse?"

"Rashin teknik."

"A ina yake bugu?"

"Ba ya bugu. Ilimi ne." Ya buɗe jaridar ya nuna hoton wasu mutum biyu da gajerun wanduna, hannuwansu cikin wasu abubuwa kamar ƙoƙuna. "Ka gani? Hannu biyu. Ku nan kuna ɗaure ɗaya ku bar ɗaya yana roƙon Allah. A Faransa mai jiki irin naka shampiyo ne. Kumandan da kansa ya ce da madam, wanga ƙaton ɓarna ne a bar shi cikin mahauta."

"To lokacin da na faɗi, dama ya sa ko ƙafa?"

Muse Alhassan ya tura malafarsa baya. "A daidai lokacin ina fassara wa madam abin da makaɗa ke cewa. Amma ba sai na gani ba, abin a rubuce yake. Ka zo gobe a auna ƙirjinka, ka dangwala yatsa a takarda, motar kamyo ta kai ka Yamai. Tufafi kyauta, takalma kyauta."

"Irin takalman da aka ba Tanko na garinmu? Shekara uku ke nan uwarsa na tambaya."

"Soja daban, wasa daban," in ji Muse Alhassan. Ya naɗe jaridarsa. "Ko da yake ƙofar shiga guda ce."

Kafin azahar Manzo ya tambayi mutum tara. Wani ya ce ƙafa ce, wani ya ce rana ce ta shiga idonsa, wani mai sayar da taba ya ce tun ranar Talata ya ga faɗuwar a mafarki amma bai so ya tayar wa kowa da hankali ba. Kowa ya san inda Manzo zai ƙare nan da shekara biyar. Ba wanda ya san inda hannun Takawa ya bi jiya.

Sai ya tsaya a tsakiyar 'yan tukwane ya yi tunanin da ba ɗan damben da ke yi. Akwai mutum guda da ya fi kowa kusa.

An sauki Takawa a wani gida bayan marina. Manzo ya yi sallama sau biyu. Ya yi zaton zai tarar da taro, sai ya tarar da Sarkin Damben Duniya zaune a kan turmin da aka kifa, hannunsa na dama cikin ƙwaryar ruwan zafi, ya kumbura kamar gwanda. Mutum ne siriri mai furfura a gemu. Matarsa Zalika tana tsaye tana ba shi fura da ludayi.

Zalika ta dubi Manzo sama da ƙasa. "In ramuwa ka zo, ka jira ya gama sha."

"Tambaya na zo yi, Inna."

"Zamna, ɗana," in ji Takawa. "Yi magana ta wanga kunne, wancan ya mutu tun shekarar fara."

Manzo ya tsuguna. Ya faɗi sharaɗin Baba Halidu, ya faɗi na Bala da na tafinta. Da aka zo kan layar damo Zalika ta yi tsaki.

"Ƙullin goro ne. Ni na ɗaura mashi don kada ya bari a fage."

Takawa ya yi dariya har ruwan ƙwaryar ya zuba. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ina kashe mutane, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni. Kai ne na huɗu."

"Ka ce ba wanda ya taɓa zuwa."

"Ukun ni na bi su na gaya masu. To saurara. Ban taɓa ganin dambenka ba kafin jiya. Da aka ce za a haɗa mu, sai na tahi kasuwar Buza sau uku, na zamna gaban rumfarku da rawani, ina kallon kana saran ƙashi."

"Saran ƙashi?"

"Tashi. Ga ƙashin sa bisa kututture. Sara mu gani."

Manzo ya miƙe, ya ɗaga dama kamar da gatari a ciki, ya sauke.

"Ina hagunka?"

Manzo ya duba. Hagun yana ƙasa daidai cibiya, yatsu a buɗe, yana danne naman da babu.

"Kullum haka," in ji Takawa. "Kafin dama ta sauka, hagu ta tahi riƙon nama. Tun kana shekara nawa kake sara?"

"Tara."

"To shekara goma sha biyu hannunga na koyon barin fuskarka. A fage hagu ita ce garkuwa. Ƙananan bugu kana riƙe ta da kyau. Amma in ka ga wuri ya buɗe, ka yi niyyar sara na gaske, sai ta tahi aikinta. Na buɗe maka haƙarƙari da gangan. Ka ɗaga, ta sauka, na bi ta inda ta bari." Ya nuna gefen haɓarsa. "Nan."

Manzo ya taɓa nasa. Daidai wurin ne. Wani irin daɗi ya kama shi, irin na wanda ya gano inda akuyarsa ta ɓata ko da kura ta riga ta cinye ta.

"To kai ba mahauci ba ne, Baba?"

"Ɗan mahauci dai. Tun ina sha biyar ban taɓa gatari ba. Tambayi mutanen Galma, malalaci suke ce mani."

"Ba ƙarya suka yi ba," in ji Zalika.

"Don mi ka gaya mani? In muka sake gamuwa fa?"

"Ukun nan duk sun sani. Duk na sake kashe su." Takawa ya mayar da hannu cikin ruwa yana yamutsa fuska. "Kai ka ji. Hannunka bai ji ba tukuna."

Ana kiran la'asar Manzo ya iso masauki. An ɗaure fatu da tukwane a kan jakuna. Baba Halidu yana tsaye da zaren a hannu, Surajo kusa da shi ya riga ya naɗe hannun riga.

"Mi ya kashe ka?"

"Kututturenka, Baba."

Mahautan da ke wurin suka bar abin da suke yi. Manzo ya nufi kayan da aka ɗaure. Ya ɗauki gatari ya miƙa wa Surajo ya ce ya sari iska. Surajo ya sara, hagunsa ta sauka. Ya ba wani, ta sauka. Baba Halidu ya karɓi gatarin da kansa, ya daɗe yana kallonsa, ya ɗaga, ya dubi hagunsa tana tafiya ƙasa ba da izininsa ba. Bai ƙarasa saran ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya buge ni."

"Ka tahi gidansa? Da ƙafarka?"

"Shi ya fi kusa, Baba."

Baba Halidu ya tauna wannan kamar jijiya. Amsa dai an kawo, kuma a gaban mutane ya yi sharaɗin. Amma amsar tana nufin rumfar Deule ta rasa mai raba ƙashin bijimi da sara guda.

"Maganinsa?"

"In bar gatari."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Ya ce waɗanda suka sani ma sun sake faɗuwa."

Baba Halidu ya jefa masa zaren a ƙirji. Sannan ya juya ya sa gatarin a hannun Surajo, wanda hannun rigarsa ke naɗe tuntuni.

Suka kama hanyar Buza rana na gangarawa. Manzo yana tafe a bayan jakuna, hagunsa a ɗage daidai fuska, tafin a buɗe. Duk wanda suka gamu da shi, mai itace ko mai raƙumi, sai ya zaci gaisuwa ce, ya ɗaga nasa hannun ya ce, "Lahiya lau, samari." Wata tsohuwa har ta tambayi mutanen gida.

Wajen dutsen farko jakin baya ya tsaya cin ciyawa. Manzo ya ɗaga dama zai ɗaka masa duka a gindi, sai ya ji hagunsa a kan bayan jakin, ta danne shi da kyau. Ya tsaya ya dube ta. Jakin ma ya waiwayo.

Ya ɗaga ta ya mayar daidai fuska, suka ci gaba.