Ke Maman Wa Ce?

Motar shela ta bi ta layinsu da hantsi, lasifikarta na shaƙewa kamar mai mura. Ana kira ga kowane gida ya turo mutum ɗaya makarantar firamare, da tsintsiya ko shebur ko duk abin da ya samu, domin dogon hutu ya zo ƙarshe, ciyawa ta cinye fili, kwatoci sun toshe, ajujuwa na son fenti. Bayan aiki kuma akwai taron iyaye.

Tela tana zaune gaban kekenta har muryar ta ɓace a kwana. Ba ɗinki take yi ba. Hannunta dai na kan wani ƙyalle da ta manta ko na wane ne. Bara war haka shagon nan babu wurin sa ƙafa, yadin kayan makaranta a kan benci, a kan taga, iyaye tsaye a bakin ƙofa suna rantsuwa cewa yaro ya ƙara tsawo a hutun nan kamar ana jan sa ta wuya. Bana ko wando ɗaya ba a kawo mata ba. Duk sun kwashe sun kai wa telan bakin tasha, wanda kowa ya san hannun rigarsa ɗaya kan fi ɗaya tsawo. Ta san tausayi ne ya jawo haka. Ba ta ji haushi ba, ba ta kuma ji godiya ba.

'Yarta ɗaya ce tal, ta kuma rasu a farkon hutun, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Lauya ake ce wa yarinyar, saboda tun da bakinta ya buɗe ba a taɓa ce mata tashi ta tashi ba sai ta ji dalili. Tun daga nan tela ta zama Maman Lauya. Haka mai kanti ke kiranta, haka direbobin tasha, haka mijinta. Ainihin sunanta ya daɗe da komawa kan katin asibiti, ita kanta sai ta yi jim kafin ta amsa shi.

Yanzu kuwa sunan ya maƙale a maƙogwaron mutane. Sai su fara, "Maman..." su yi ɗan tari, su koma "Malama", ko "maƙwabciya", ko "baiwar Allah". Mijinta ya koma ce mata "ke". Ba ta ga laifin kowa ba. Amma ta lura cewa in aka ci gaba a haka, kafin yara su gama sabawa da sababbin ajujuwansu sunan zai bi yarinyar ya tafi, ita kuma ta zama matar da ba uwar kowa ba. Wannan kaɗai ne abin da ke ɗan motsi a ƙirjinta, sauran duk shiru.

Ta miƙe ta ɗauki mayafi.

"Ba inda za ki," in ji yayar mijinta daga ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida. Ta'aziyya ta zo, ta zarce da zama. "Kowa ya san halin da gidan nan ke ciki. Ni zan je."

"Da wannan gwiwar, Yaya?"

"Gwiwata ta fi ki lafiya. Ita aƙalla in ta yi ciwo tana faɗa."

"Ina cikin kwamiti."

"Kwamitin me kuma?" Yaya ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta tuna kwamitin iyaye ne, ta haɗiye sauran. "To ki ci wani abu tukuna."

"In na dawo."

Makarantar ta cika tun kafin ta isa. Maza na cikin kwata har gwiwa suna kwaso baƙin taɓo, ana ta musu a kan baro guda ɗaya da tayarsa ke kuka. Mai aski na tsaye a gefe cikin farar riga yana nuna wa mutane inda za su haƙa.

"Mai aski, shebur ɗin nan fa ba ya cizo!" wata mata ta ɗaga murya daga cikin masu shara. Mai kitso ce, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na tela.

"Ai kowane aiki da mai duba shi, Hajiya."

"To duba da hannu, ido ya huta!"

Aka kwashe da dariya. Dariyar na cikin tashi aka hango tela a bakin ƙofa, sai ta sauka a hankali kamar an rage wa rediyo murya. Mai kitso ta jingine tsintsiya ta taho tana goge hannu a zani.

"Maman... a'a, ƙawata, kin fito?"

Shekara da shekaru suna aron gishiri ta kan katanga, ba ta taɓa ce mata ƙawata ba.

"Na fito," in ji tela.

Shugaban kwamiti tsohon ma'aikacin gidan waya ne, har yanzu biro ba ya rabuwa da aljihun gabansa. Shi ke rabon aiki. Ya dube ta, ya dubi jerin ajujuwa, ya tura ta wankin tagogin aji ɗaya, can ƙarshen gini, inda ko ta waiga ba za ta hango ƙofar aji uku, tsohon ajin Lauya, ba. Ya raka ta har rabin hanya yana gyaran murya.

"Malama, akwai wata 'yar magana. Game da kujerarki ta kwamiti."

"To."

"Kin san tsarin, sai wanda ke da yaro a makarantar. Ni ba ni na tsara ba. Kuma ba wai korarki ake yi ba, Allah ya kiyaye. Gani muka yi ki huta."

"To."

"Ba ki ji wani iri ba dai ko?"

Ta duba zuciyarta da gaske, don ta ba shi amsar gaskiya. Ba ta tarar da komai ba.

"A'a."

Ya yi ajiyar zuciya, ya taɓa bironsa, ya koma wajen masu baro.

Tagogin aji ɗaya sun sha ƙura da kashin tsuntsu. Ta jiƙa tsumma ta fara daga sama, ruwan datti na gangarowa ta gwiwar hannunta yana shiga hannun riga, ba ta share ba. A kusurwar taga ta biyu akwai busasshen gidan zanzaro, ta ɓamɓare shi da farce, ya ruguje a tafinta. Ta wanke, ta goge da tsohuwar jarida, ta koma ta gaba. Da ta gama ta ƙarshe sai ta dawo ta farko ta sake wanke ta, don ba wanda ya zo ya ce mata ga wani aikin. Daga fili tana jin ƙarar adda a ciyawa, da warin fenti, da muryar mai aski yana cewa ba haka ake riƙe buroshi ba.

Da rana ta take aka ce a huta. An fito da bencina ƙarƙashin bishiyoyin bakin ofis, mata suka jeru ana miƙa kofin ruwa hannu zuwa hannu. Tela ta zauna a ƙarshen benci, mai kitso ta matso kusa da ita.

A nan ne sabuwar malama ta ɓullo. Yarinya ce ɗanya, a makon nan aka turo ta daga wani gari, fenti har a goshinta. Ta ce tana so ta san iyaye tun kafin ta san 'ya'yansu, sai ta fara bin benci tana ɗan rusunawa gaban kowace.

"Mama, ke maman wa ce?"

"Maman Sarkin Barci. In kin ga ya kifa kai a tebur kada ki ce ba shi da lafiya, lafiyarsa ke nan."

"Ke fa, Anti?"

"Maman 'Yan Biyu. Allah ya ba ki haƙuri, duk biyun ke za a tura wa."

"Ni kakar Janar ce," in ji wata tsohuwa tun ba a tambaye ta ba. "Uwarsa ta gudu ta bar ni da yaƙi."

Malama na dariya tana matsowa. Tela na kallon takalminta na roba yana cin tazara, mace bayan mace. Ta ji mai kitso ta gyara zama. Ta ga matar mai kanti ta miƙe da kofi.

"Malama, zo ki sha ruwa, kin sha rana."

"Na gode, bari in ƙarasa, saura kaɗan."

Ta gaisa da mai kitso, Maman Gajere. Sannan takalmin ya tsaya gaban tela.

"Ke fa, Mama, maman wa ce?"

"Ita tela ce," mai kitso ta yi caraf ta karɓe. "Taya mu aiki ta zo yi. In kina da ɗinki, duk garin nan ba kamarta."

Da tela ta yi shiru, shi ke nan. Malama har ta fara gyaɗa kai za ta juya. Kowa a bencin ya saki numfashi, an tsallake.

"Maman Lauya ce ni."

Muryar ta fito a bushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Lauya!" Malama ta tafa hannu. "Mace ko namiji?"

"Mace."

"Kai, na shiga uku. Aji nawa take?"

"Da aji huɗu za ta shiga."

Ƙaramar kalma ce "da", ga hayaniyar masu baro, ga malama na cikin murna. Ba ta ji ta ba.

"Ajina ke nan! To ki gaya mata ta shirya, ni ma ba a kayar da ni a gardama. Tana ina? Ba ta biyo ki ba?"

Kofin ruwa ya tsaya a hannun kakar Janar. Mai kitso ta jawo gefen rigar malama, ta raɗa mata magana a kunne. Tela ta ga fuskar yarinyar ta sauya, ta ga hannunta mai fenti ya rufe baki.

"Wayyo Allah. Mama, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba, ba wanda ya gaya mini."

"Ba ki yi komai ba. Tambaya kika yi." Tela ta dubi tafin hannunta, akwai sauran ƙasar gidan zanzaro a ƙarƙashin farce. "Da ta biyo ni, da tuni ta tambaye ki wa ya ce a yi aiki alhali hutu bai ƙare ba."

Wani sauti ya kufce wa mai kitso ta hanci, rabi dariya rabi wani abu. Ta toshe baki, amma ya riga ya fita.

"Wallahi da ta faɗa," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ni fa yarinyar nan ta taɓa ce mini ina ja mata ƙwaƙwalwa da kitso, in ta faɗi jarrabawa ni za ta kai ƙara."

"Mu kuma ta ce alewarmu ta rage girma," in ji matar mai kanti. "Har da kawo tsohuwar takardar alewa a gwada."

"Ta taɓa raba Janar faɗa da wani, ta yanke hukunci duk su biyun ba su da gaskiya," in ji kakarsa.

Suka yi ta faɗa, wannan ta ajiye waccan ta ɗauka. Tela na saurare. Ta jira kuka ya zo, don ta ga kowa shi yake jira daga gare ta, amma bai zo ba. Abin da ta ji kawai shi ne sunan na yawo a bakin mutane, Lauya ta ce, Lauya ta yi, kamar yarinyar ta zagaya bayan aji ne.

Taron iyaye bai daɗe ba. Aka yi maganar famfon da ke yoyo, da masu babur da ke gudu a ƙofar makaranta. Aka zo kan kujerar kwamiti, aka ba matar mai kanti. Da aka ce a ɗaga hannu, tela ta ɗaga nata tare da kowa. Shugaba ya miƙe yin godiya.

"Muna kuma gode wa wadda ta riƙe kujerar nan da amana, wato..." Ya tsaya. Ya zaro biro, ya duba shi, ya mayar. "Wato Malama tela."

Aka tafa. Ita ma ta ɗan sunkuyar da kai.

Jama'a suka fara watsewa, aka ce mata su mayar da bencina aji kafin hadarin da ya haɗo ya sauko. Tela na tsaye ba ta san wanne za ta kama ba. Mai kitso ta riga ta ɗaga gefen wani dogo, tana nishi, idonta jajir.

"Maman Lauya," ta ce a hankali, sannan ta sake faɗa da ƙarfi yadda ta saba ta kan katanga. "Maman Lauya, kama mini can mana, kin tsaya kamar mai aski!"

Tela ta sunkuya ta kama. Bencin ya fi yadda ta zata nauyi. Ita ce a gaba, da baya da baya take tafiya, mai kitso na ce mata dama, dama, a'a damarki, har suka shigar da shi ta ƙofa.