Akwatin Autan Mama

Mu huɗu ne a gidanmu idan Mama ka tambaya: ni, da ƙanena, da ƙanwata, sai kifin. Kifin take kira Auta, abin da ya sa ƙanwata, wadda ita ce autar gaskiya, ta shekara tana tura baki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta sayo shi a cikin leda, bai fi ɗan yatsa ba. Wanda ya sayar mata ya rantse cewa kifi daidai akwatinsa yake girma, in wuri ya yi masa kaɗan sai ya tsaya. Mama ta yarda, mu ma muka yarda, don a danginmu kaf ba wanda ya taɓa kiwon kifi, ci kawai muka iya. Shi dai Auta ba da shi aka yi wannan yarjejeniya ba. Ya yi ta girma har ya kai kamu guda, a cikin akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu. In zai juya sai ya naɗe jikinsa, wutsiya tana share gilashi, mu kuwa mu yi ta dariya muna cewa rawa yake yi wa Mama.

Mama tela ce. Falonmu bango ɗaya ne dogo, sauran duk ƙofofi da taga sun cinye su, kuma a jikin wannan bangon keken ɗinkinta yake, da teburin yanka, da kantar yadudduka. Akwatin Auta yana lungu, inda za ta ɗaga kai ta gan shi. Da ta rasu, Baba ya hana a taɓa ko allura. Akwai wata riga shuɗiya da ta bari a ƙarƙashin ƙafar keken, hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya ba a ɗinke ba, haka ta ci gaba da zama.

Wata biyu da rasuwar, Baba ya kira ni a waya, ya ce Auta ya rage cin abinci.

"Kewa ce ke damunsa," in ji shi. "Wuni yake shi kaɗai, ba abokin hira."

Ni ba yarinya ba ce, na san wa yake nufi. Amma sayen kifi ya fi ɗaukar hutu a wurin aiki sauƙi, kuma har gobe ina jin kunyar wannan. Na je na sayo kifaye biyu na zuba wa Auta. Ƙanena, da ba ya yarda a fi shi a komai tun muna yara, ya kawo uku. Ƙanwata ta kawo ɗaya mai jan kai. Muka tsaya muna yaba kanmu, akwati ya cika ya yi kyau, Baba ya samu abin kallo. Kowa ya kama gabansa.

Ba a yi sati uku ba ruwan ya yi dishi-dishi, ya soma wari. Auta ya koma saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa, jikinsa ya yi jajayen zane. Baba ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara abinci.

Na ɗauko wani mai shagon kifi, dattijo, marar yawan magana. Ko zama bai yi ba. Ya ciro tef ya gwada akwatin, ya gwada Auta ta bayan gilashi, ya shinshina ruwan, sannan ya dube ni.

"Wa ya zuba waɗannan shidan?"

"Mu ne," na ce.

"Hajiya, wannan akwati ko shi kaɗai bai ishe shi ba, tun shekara bakwai da suka wuce. Kifi ba a ƙirga shi da kai, da girmansa ake ƙirga shi, da abin da yake ci, da abin da yake fitarwa. Wannan guda ɗayan ya fi ƙanana talatin ɓata ruwa. Kun zo kun ƙara masa baki shida suna shaƙe 'yar iskar da ta rage."

Baba ya ce, a hankali, "An ce mana daidai akwatinsa zai girma."

"Ba tsayawa yake yi ba, Baba, tauyewa yake yi. Ka dubi bayansa."

Muka duba. Bayan Auta a karkace yake daga tsakiya zuwa wutsiya. Shekara da shekaru muna kallonsa, ba wanda ya gani.

Mai kifi ya kwashe shidan a bokiti nan take, ya canja rabin ruwan, ya nuna wa Baba yadda zai riƙa canjawa kullum. Ya ce wannan jinkiri ne kawai, ba magani ba. Maganin shi ne akwati mai tsawon da ya ninka kifin sau huɗu aƙalla, da faɗin da zai juya ba tare da ya naɗe ba. Mita biyu ke nan. Mai gilashi zai haɗa shi cikin kwana goma. Mai kifi ya waiwaya ya ƙare wa falon kallo, idonsa ya tsaya a inda duk muka san zai tsaya.

"Sai dai a wancan bangon."



Na kai mai kifi ƙofa, na dawo na tarar da Baba ya dafa teburin yanka.

"A ɗaki fa?" ya ce.

"Ba zai shiga ta ƙofar ba, Baba. Mai kifi ya auna ta."

"To bari in yi tunani."

Kwana tara ya yi yana tunanin. Na ɗauki hutun da ya kamata in ɗauka tun farko, na dawo gidan. Kullum da safe mu kwashi ruwa da bokiti mu zuba sabo, kullum in buɗe baki zan yi magana in fasa. Raina yana ɓaci da shi, yana kuma ɓaci da ni, don da wace fuska zan ce masa ya kwashe kayan matarsa saboda ɓarnar da na yi da hannuna? Auta ya ɗan farfaɗo, har ya karɓi abinci sau biyu, sai Baba ya ce wataƙila ma ba sai an yi sabon ba. Kwana biyu bayan haka Auta ya kwanta a ƙasan akwati, gefe ɗaya.

Ran na tara Baba ya tashi da kansa ya ɗaga ƙafar keken, ya zare rigar nan shuɗiya, ya ninke ta.

"Kira mai gilashi," ya ce. "Ki kira 'yan'uwanki kuma su zo su ɗauki abin da suke so."

Ƙanwata ta ɗauki keken tana kuka. Ƙanena ya ɗauki teburin. Yadudduka aka raba wa masu ɗinkin da Mama ta koya wa sana'a. Bangon ya fito fili, da tabon inda kanta ta daɗe, fentin wurin ya fi sauran haske. Baba ya daina zama yana fuskantarsa.

Auta ya mutu ran na takwas da ba da aikin, da hantsi, muna cikin canja ruwa. Baba ne ya ciro shi da hannu biyu, ya naɗe shi a tawul. Na ce bari in kira mai gilashi in ce a fasa, ya ce a bari.

Bayan kwana biyu suka iso da sabon akwatin, mutum huɗu suna nishi, mai kifi yana biye da su da injin tace ruwa. Da ya ga tsohon akwatin ba kowa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Allah ya ba da haƙuri, Baba. In kana so a mayar, akwai wanda zai karɓa."

"Ku shigo da shi."

Suka girke shi a jikin bangon, ya zauna daf, kamar don shi aka gina wurin. Baba ya sa aka cika shi da ruwa. Mai kifi ya ce in ruwan ya kwana biyu ya zauna, zai iya kawo ƙanana masu sauƙin kiwo, goma ko sha biyu, wurin zai ɗauke su. Baba ya girgiza kai.

Da suka tafi ya miƙe, ya ɗora tafin hannunsa a gilashin, ya bi shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali. A can ya tsaya, ya leƙa faɗinsa.

"Da ya ishe shi," ya ce. "Da na amsa a ranar, da ya kwana a ciki ko sau ɗaya."

Lissafinsa daidai ne.