Dokoki Biyu da Motar Kifi

Kifin cikin mota ya fara wari, manhajar sito kuwa ta ƙi buɗe ƙofa. Manaja ya tsaya a kan injiniya yana zazzaga mata masifa.

"Yau sai kin bar aikin nan!"

Ta cije leɓe, ta kunna abin da ke bin sawun dokokin manhajar. Sai ga biyu suna jiran juna: kada a buɗe sai an auna kaya, kada a auna sai mota ta shiga.

Ta juya masa allon kwamfutar a fusace.

"Ta farko taka ce, ranka ya daɗe, ta biyu ta surukinka mai kamfani. Wacce zan goge?"

Manaja ya ce a goge tasa, ta farkon.