Jarkar Ruwa a Titin Njamena

Shekara ashirin Barkai yana fama da yashin hamadar Faya, amma yau jif ɗinsa a kan kwaltar Njamena take, tana tafiya sumul. Ruwan sama ya cika titi, ita ko a jikinta.

A kwanar kasuwa ya hango wata ƙaramar mota ta mace, ruwa har ƙofa. Mai ita na tsugune kan rufinta, ya tattare farar jallabiya. Wardugu ne, direban da ya taɓa wuce Barkai a hamada motarsa a lalace, ko kurɓin ruwa bai ba shi ba. Kwana uku Barkai ya yi yana shan ruwan lagireto.

Ya taka birki, ya sauke gilashi.

"Ɗan'uwana, Allah ne ya kawo ka," in ji Wardugu. "Kana da igiya ka ja ni?"

"Igiya kam akwai."

Barkai ya ɗauko jarkar ruwa, ya ɗora masa a kan rufin.

"Mu dai ba ma wuce mutum ba mu ba shi ruwa ba."

Ya ɗage gilashinsa, ya ja mota a hankali.