Gwangwanin Tumatir a Cikin Injin

Malam Deribe ya taka sifana da ƙafa, notin ya yi ƙara ya saki. Injin wata tsohuwar tarakta na kwance rigingine a kan tayoyi, cikinsa a buɗe, baƙin mai na ɗiga a ƙasan garejinsa da ke bayan tashar Jambutu a Jimeta. Bobboyi, dillalin da ya kawo ta, yana kan benci yana shan rake. Wani manomi a Namtari ke jiran taraktar kafin ruwa ya sauka.

"Baaba, ka duba kawai ka ɗaure," in ji Bobboyi. "Tarakta nan lafiyayye ne, ƙara kaɗan ne yake yi."

"Ban taɓa jin dillalin da kayansa ke ciwo ba," in ji Deribe.

Shi ba ya ɗaure injin sai ya ga metal da idonsa, wato ɓawon ƙarfen nan mai kamar rabin munduwa da kiranshaf, babban sandan ƙarfen injin, ke juyawa a cikinsa. Ya ɗaga murfin farko, ya goga farce a jikin kiranshaf ɗin, farcen ya riƙa sarƙewa a zane. Metal ɗin kuwa ya cinye har jan ƙarfen ciki ya fito. Ya ɗauko zaren dalma zai shimfiɗa ya matse, don ya ga yawan sararin da cin ya bari. Sai ya lura ɓawon bai zauna daidai ba. Ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓaro shi.

A bayansa akwai yankin gwangwanin tumatir, an yanke shi daidai faɗin ɓawon.

Wannan ba sabon abu ba ne. Duk makanikin da ya rasa sabon metal yakan cika sararin da gwangwani. Amma wannan an naɗe kusurwoyinsa kamar kunnen akuya don kada ya zame, kuma yankan almakashin ya karkace irin na bahago. Deribe ya san mutum ɗaya tak mai wannan naɗin, don shi da kansa ya mare shi sau da yawa a kai, yana ce masa aikin ha'inci ne. Umair, ɗansa na fari, wanda 'yan bindiga suka jefa a mota ranar da suka shiga Mubi, saboda makanikai suke nema. Fiye da shekara goma ke nan. An yi addu'a, an yi sadaka, kowa ya haƙura in ban da uwarsa Kellumi, wadda har yau take wanke gwangwanayen tumatir tana tarawa, wai yaron zai nema.

Deribe ya goge yankin da babbar yatsa. Jan fentin na nan raɗau. Zafin mai kan cinye fenti cikin damina ɗaya. Ashe bana aka sa shi. Ya juyo ya dubi Bobboyi.

"Ina ka samo taraktar nan?"

"Gwanjo ne, Baaba."

"Gwanjon ina?"

"Can wajen Madagali. Mene ne kuma?"

Deribe bai san lokacin da ya isa bencin ba. Ya shaƙe wuyan rigar Bobboyi, ya buga shi da ginshiƙin rumfa har kwanon rufin ya amsa. Raken ya faɗi. Ya ɗaga sifana ya sauke masa a kafaɗa, ya ƙara a gefen fuska, leɓen ya fashe.

"Wa ya ɗaure injin nan? Wa?"

Bobboyi ya waiga hagu da dama, idanunsa sun firfito. Ya rage murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah Baaba, yi shiru. Zan faɗa maka. Akwai wani makaniki a ciki, bahago, shi ne yake..."

Da Deribe ya yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma mutumin da ya haɗiye kuka shekara goma ba ya iya magana a hankali.

"A ciki? A cikin daji? Kana ciniki da 'yan Boko Haram, ɗan banza!"

Kalmar ta fita daga rumfar ta tsallaka titi. A Jimeta ba a faɗarta da ƙarfi a banza. Akwai wanda ya tsinci gawar 'yarsa a kasuwa ranar da bam ya tashi, akwai wanda ya fita daga masallaci ba ƙafa. Najmuddeen mai faci, wanda ya binne ƙanensa gunduwa-gunduwa a mazubi biyu, shi ya fara shigowa da ƙarfen cire taya a hannu. Bayansa 'yan Keke, masu walda, masu shayi, har da waɗanda ba su ji komai ba sai gudun mutane.

"Ga shi nan! Ɗan leƙen asirinsu ne!"

Suka fizge Bobboyi daga hannun Deribe suka ja shi waje ta ƙafa. Ƙarfen ya sauka a bayansa, wani ya kawo katako, wani bulo. Bobboyi ya dunƙule yana kare kai, yana salati, yana kiran uwarsa da Fulatanci. Nan take hankalin Deribe ya dawo, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar Mubi.

"Ku bari! Ku bar shi ya yi magana! Ya san inda ɗana yake!"

Wa zai ji? Ya kutsa ya faɗa a kan Bobboyi ya rufe shi da jikinsa. Katako ya same shi a haƙarƙari, wani ya yi masa gula a ƙeya. "Cire tsohon nan, ya haukace!" Hannuwa suka ɗaga shi suka yar a cikin kwata. Yana tasowa da rarrafe ya ga bulon ya tashi sama, ya ji saukarsa.

Da jiniyar 'yan sanda ta kusanto, kowa ya tuna yana da aiki. Deribe ya ja jiki ya tallabo kan Bobboyi, jinin na bin hannunsa har gwiwar hannu.

"Wane gari? Wane daji? Faɗa mini suna kawai."

Leɓen ya motsa, kumfa ja ta fito, ba ta zo da kalma ba.

Aka ɗauke gawar a bayan mota. Aka ce wa Deribe ya zo ofishin 'yan sanda da yamma. Mai shayi ya kwaso yashi ya zuba a kan jinin da ke bakin rumfar, Najmuddeen ya koma kan facinsa bai ɗaga kai ba. Deribe ya zauna kusa da injin, numfashi na sukarsa a haƙarƙari, yankin gwangwanin na dunƙule a tafinsa har ya yanke shi.

Bayan azahar Kellumi ta iso da kwanon abinci, kamar kullum. Ta ga rigarsa, ta ajiye kwanon da sauri.

"Innalillahi! Malam, jinin wane ne wannan?"

Ta kama hannunsa don ta ga raunin, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki yankin ta juya shi, ta shafa naɗin kusurwar. Ba ta san kiranshaf ba, ba ta san metal ba, amma ta sha share irin waɗannan kunnuwan akuya a tsakar gidanta.

"Umair," ta ce. Fuskarta ta buɗe da wani haske da ya manta tana da shi. "Sabo ne, Malam, dubi fentin! Na faɗa muku. Wa ya kawo? Tashi ka kai ni wajensa yanzu."

Ta gyara mayafi ta yi gaba, ta tsaya a bakin rumfar tana jiransa, ƙafafunta a kan sabon yashin.